Ina Kuka Kai Rigar? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Jidda Zuwa Ga Masu Shirya Finafinan Hausa

Zuwa ga furodusoshi da daraktoci da marubutan labarin fim na ƙasar Hausa, manyanku da ƙananku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon ku daure ku karanta takardar nan har ƙarshe, ko da za ta yi muku ɗaci a wani wuri. Ni tela ne, shekarata 22 a Jidda ina taka keke. Ban taɓa riƙe kyamara ba, ban san yadda ake haɗa hoto a kwamfuta ba. Abin da na sani shi ne yadi da zare, sai kuma wani littafi guda da na karanta har bangonsa ya rabu da jikinsa, wanda wasu daga cikinku suka mayar fim, muka kalla a gidana daren wata Alhamis. Ba zan faɗi sunan littafin ba, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ba tonon silili ya kawo ni ba. Abin da ya samu littafin nan ya samu waɗansu kafinsa, in kuma aka yi shiru zai samu na bayansa, shi ya sa na haɗa ku duka. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A Kano na saye shi, wajen masu baza littattafai a Bata, ana jibi zan taso. Kashi huɗu ne, irin ƙananan nan masu siririyar takarda da ake maƙalewa da 'yar waya a tsakiya, waɗanda muke kira littattafan yaƙi: sarakuna, bokaye, aljanu, dazuzzukan da ba a shiga a fito. A akwatina ya zo, tsakanin almakashi da tef ɗin awo. Lokacin rusau na 2022, da unguwarmu ta bi sahun su Sabil da Kandara, mun bar katifa, mun bar tukwane, amma maiɗakina ta san in aka bar littafin nan babu zaman lafiya, ita ta naɗe shi a ɗankwali ta cusa a jakar hannunta.

Maiɗakin nan tawa haifaffiyar Makka ce, ta wajen Shara Mansur. 'Ya'yanmu huɗu, kuma Larabcin Hijaz ne a bakinsu: da shi suke faɗa, da shi suke shiryawa, da shi suke magagin barci. Hausarsu ta kicin ce, kawo, ɗauke, zauna, ci. Duk mahaifin da ke zaune a ƙasar nan ko a Sudan ya san irin ciwon da nake nufi. Na gwada faɗa, bai yi ba. Na gwada hana su magana da ni sai da Hausa, sai suka daina yi mini magana. Littafin nan ne ya jawo mini su. Bayan isha'i sai in karanta musu shafi biyar ko shida, in rufe a daidai inda numfashi yake tsayawa, in ce sai gobe. A nan suka fara jin kalmomin da ba a faɗa a kicin: zango, guzuri, fatake, sulke, kwari da baka, ƙorama, kurmi. Wata rana ƙaramar ta tare ni ta ce, "Baba, mene ne fako?" Na rasa abin da zan nuna mata a garin da ko'ina kwalta ce da siminti, sai da na kwatanta mata da filin da ƙasa ta taurare ko ciyawa ba ta tsira. Har yau in ta ga mai sanƙo sai ta matso ta raɗa mini, "Fako."

Ga labarin a gurguje, don wanda bai karanta ba. Wani gari ne rijiyoyinsa suka ƙafe, saboda kakan sarki ya ci bashin wani aljani ya mutu bai biya ba. Aka rasa mai zuwa neman sulhu sai ɗan wani masaƙi, yaron da ko sanda bai taɓa ɗauka da sunan faɗa ba. Uwarsa ta kaɗa zare da mazarinta, ubansa ya saƙa, aka ɗinka masa riga, a jikinta akwai ziri bakwai na baƙin saƙi. Duk inda aka rutsa da shi, in ya tsinke ziri ɗaya sai ya ɓace wa idon maƙiyi. Amma da sharaɗi: duk zirin da ya cire, hasken idon uwarsa a gida zai ragu. Ya sani. Ita ma ta sani tun tana kaɗa zaren. Saboda haka mai karatu ba ya zama yana tunanin ko yaron zai tsira. Abin da ke hana shi barci shi ne, zai fanshi ransa da idon uwarsa, ko zai nemi wata hanya? Akwai inda ya gwammace ya sha sara a kafaɗa ya kwana uku a kogon dutse da ya taɓa rigar. Akwai kuma inda ya tsinke ziri don razana kawai, abin bai kai ya kawo ba, ya zauna daga baya yana kuka. A wurin nan 'yata ta biyu ta tashi ta bar ɗakin, ta ce ita ta gama jin labarin wannan ragon. Washegari ita ta fara ɗauko littafin. A ƙarshe ya isa gaban aljanin da ziri ɗaya tak, ya ƙi cirewa, ya tsaya ana ganinsa, ya amsa cewa bashi gaskiya ne, ya yi kiwon shekara guda ya biya. Da ya dawo gida uwar ba ta bambance komai sai haske da duhu. Da hannu ta gane shi. Ta bi rigar da yatsu tana ƙirga guraben zirin da suka tafi, ɗaya, biyu, har shida, ta taras da na bakwai yana nan.

Da labari ya zo cewa an yi fim ɗinsa za a sake shi a YouTube, sai gidana aka shiga ƙirga kwanaki. Ranar na rufe shago da wuri, na biya na sayo siriya, wato tsirenmu na gida da mutanen Hijaz suka karɓe har da sunan, suka ɗan lanƙwasa shi. Aka dafa shayi, babban ɗana ya haɗa waya da talabijin. Har surukata, wadda jikokinta ke kira Sitti, aka ɗauko daga Makka, ta zauna a kan darduma ta miƙe ƙafa, carbi a hannu.

Minti goma da farawa aka nuno rigar. Jama'a, shadda ce. Shadda mai maiƙo, irin wadda nake yanka kullum daga bandir, da aikin kwamfuta a wuya, zaren sai ƙyalli yake. Da yaron ya juya baya sai ga zif. Na haɗiye, na ce ƙila idon tela ne ya cika bin ƙwaƙƙwafi, wa ya damu da zif in labari ya tafi daidai? To labarin bai tafi ba. Babu ziri bakwai. Babu sharaɗi. Yaron sai ya bugi ƙirji, wani koren haske ya yi fiu, ya ɓace. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ya yi haka, har da inda ya ɓace don ya tsokani wata budurwa a bakin rafi. Uwar kuwa an nuna ta a farko tana sa albarka, ba a ƙara ganinta ba sai a ƙarshe, ido garau, ta sha ɗauri, tana rawa a bikinsa da 'yar sarkin da babu ita a littafin.

Ban ƙi a rage labari ba. Kowane tela ya san rage tsawo: ka yanke ƙasa, ka kalmashe, riga tana nan riga. Abin da kuka yi daban ne, zaren ɗinkin kuka zare. A rataye kamar riga, ka ɗaga ta sai ta rabu gida-gida. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Hausawa ne suka yi haka, mutanen da tun a tabarmar kaka suka san ba a ba ka abin mamaki kyauta. Wace tatsuniya ce aka ba yarinya ƙwarya ba a ce kar ta buɗe sai ta isa ba? Wane labarin maharbi ne aka ba shi layar zana ba a gindaya masa abin da zai kiyaye ba? Ko 'yan tauri ka tambaya za su gaya maka kowane magani da abin da yake karya shi. Jarumin da ke ɓacewa duk lokacin da ya ga dama, ba ya asarar komai, don me zan ji tsoro a madadinsa? Kafin rabin fim ɗin ɗana na uku ya koma wasa da waya, kuma ban iya yi masa tsawa ba.

Sai maganar aljanin. A littafin ba a taɓa ganinsa ba, ko sau ɗaya. In ya kusanto sai a ji ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka, alhali tsakiyar rani ake, awaki su yi tsit, sannan a ji murya, kuma muryar wani naka ce wanda ya riga ya rasu. Daren da na karanta musu wurin da ya yi wa yaron magana da muryar kakansa, babu wanda ya yarda ya je banɗaki shi kaɗai. Marubucin bai ƙirƙiro wannan daga iska ba, a kan abin da muka taso da shi ya gina. Aya ta 27 a Suratul A'araf ta gaya mana Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, kuma tsoron ke nan. Ku kuwa kuka samo wani bawan Allah mai ƙiba, kuka shafe masa fuska da farar hoda, kuka sa masa jan ido da gashin doki, yana ta ƙyaƙyata dariya ana maimaita amon ta da na'ura. Yarana suka fashe da dariya tare da shi. Ƙaramar ta ce ya yi kama da mai sayar da burodin tamis na bakin layinmu in gari ya bule shi. Abin takaici, wanda ba a gani ɗin ya fi araha: ba kwalliya, ba kwamfuta, sai shirun awaki da murya mai kyau.

Amma inda na ji kunya ta rufe ni shi ne wajen tafiyar, saboda wadda ke zaune a kan darduma.

A littafin shekara bakwai yaron ya yi a hanya, kuma kashi biyu cikin huɗu na littafin hanyar ce. Guzuri ya ƙare, ya yi ƙodago, ya yi jinya a gidan baƙi, ya koyi yaren mutanen da a da yake jin tsoronsu, takalminsa ya mutu ya ɗinka wani. A fim ɗin an gama da ita cikin minti uku, ana waƙa, yana ratsa fili ɗaya ta gabas ya dawo ta yamma, bishiyar darbejiya guda na gani sau huɗu, ga turakun wutar lantarki can baya. Ya isa rigarsa ko ƙura babu. Sai Sitti, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ta ajiye carbi ta ce, "Har ya iso? Ai ko Jinaina bai kai ba."

Ku ba ku san ta ba, bari in gaya muku. Mahaifinta daga ƙasar Haɗeja ya fito da niyyar hajji, a ƙasa, shi da matarsa da jaki. Suka bi ta Barno, suka ƙetara Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, suka bi ta Abashe, suka shiga Sudan ta Jinaina, sai Fashir, sai Ubayyid. Inda guzuri ya ƙare a nan ake yada zango a yi aiki. A gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe bayan gama madatsar Sinnar a 1925, suka yi shekaru suna tsinka, a nan kusa da Wad Madani aka haife ta. Daga baya suka gangara Sawakin, suka hau jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jiddan nan. Shekara tara. Yayyenta biyu a hanya aka binne su, ba ta san kabarinsu ba. Dubban Hausawa haka suka zo, wasu suka tsaya a Mai Wurno da Gadarif ba su ƙaraso ba, jikokinsu na can, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sake ɗora wa da yawansu kaya a ka. Ga waɗanda kuke nuna wa tafiyar shekara bakwai cikin minti uku da kiɗan fiyano. In akwai masu kallon da suka san nauyin kalmar zango a duniya, to mu ne. Lokacin da nake karanta littafin, duk sa'ad da Sitti ta kwana a gidanmu, ita ce ke katse ni ta ce haka ne, haka ake yi, in ka isa garin da ba ka san kowa ba masallaci kake nema, sannan ka nemi mahauta, don a cikinsu ba a rasa Bahaushe. A fim ɗin ba ta samu wuri ɗaya da za ta ce haka ne ba.

Harshen kuma fa? Sarkin da ya rayu tun kafin a san Bature ya buɗe baki a gaban fadawa ya ce "oke". Waziri ya ce masa "sori, ranka ya daɗe". Boka ya ce matsalar "siriyos" ce. Wataƙila a Kano kunne ya saba, ba a ji. A nan ana ji, domin yaranmu ba da Ingilishi suke cakuɗa Hausa ba, da Larabci ne. Sai ga ɗana yana juyowa yana tambayata, "Esh gal, Baba?" wato me ya ce. Na tara su don su ji Hausar da ta fi tawa, na ƙare ina yi musu tafinta daga Ingilishi. Littafin cike yake da kirari da zambo da habaici da gatse, fadawa na magana kamar fadawa, tsohuwa kamar tsohuwa, aljani da irin tasa Hausar mai nauyi da ba ya gajarta kalma. A fim ɗin kowa bakinsa ɗaya, bakin matashin da ke zaune a majalisar mai shayi. Kirarin da maroƙi ya yi wa yaron ranar fita, wanda 'ya'yana suka haddace suna yi wa juna in za a tafi makaranta, ko layi ɗaya bai shiga ba. An samu wurin waƙar soyayya uku, ba a samu wurinsa ba.

Ba waƙa nake ƙi ba, kar a ce tsoho ne mai ƙin nishaɗi. Amma ga uwa tana kaɗi, ina waƙar kaɗi? Ga fada, ina kakaki da algaita da tambari? Ga maharba, ina komo? Gidanmu cike da kiɗan da ya dace da labarin, aka tsallake aka ɗauko wanda ake sa wa kowane fim.

Na san amsarku, don na ji ta a hirarraki ba sau ɗaya ba: kuɗi. Kasuwar faifai ta mutu, masu satar fasaha sun cinye ta, yanzu sai abin da YouTube da tashoshin talabijin suka bayar, shi ma sai an tara masu kallo, masu kallo kuma an ce waƙa suke so. Dazuzzukan da suka dace da irin labarin nan, su Rugu da wajen Kwatarkwashi, ba mai hankalin da zai kai 'yan wasa can a halin da ake ciki. Ga hukumar tace finafinai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001, kowa na taka-tsantsan da abin da ya shafi boka da tsafi. Duk na yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni da nake zaune a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba zan koya muku haƙuri ba. Sai dai ku duba abubuwan da na lissafa, wanne ne kuɗi ya hana? Sharaɗin rigar magana ce ta baki, sisi ba ta ci. Koren hasken nan da kuka biya mai kwamfuta ya yi sau goma sha ɗaya ya fi ziri bakwai tsada. Saƙi yana nan a kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata ba ta rufe ba. Lifidi da sulke da kwalkwali a hawan sallah ake fito da su a Kano da Katsina da Zazzau, har UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, amma dakarunku da kwali mai fenti suka fito a ƙirji. Ta fuskar tacewa kuwa, labarin da ke cewa bashi sai an biya, kuma ɗa ya fifita idon uwarsa a kan ransa, ai ya fi sauƙin karewa a gaban kowane malami a kan yaro mai ɓacewa yana leƙen 'yan mata a rafi.

Akwai wani abokin aikina a shago, mutumin Mali, Babambare. Da na ishe shi da ƙorafi washegari, sai ya ce in zo in ga wani abu. Ya nuna mini fim ɗin ƙasarsu mai suna Yeelen, wato haske, na marigayi Sulaimanu Sise wanda ya rasu a Fabrairun 2025. A 1987 aka yi shi, ya kuma ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Kan a Faransa. Labarin uba ne matsafi yana farautar ɗansa. Abin tsafin uban wani gungumen itace ne a naɗe, mutum biyu na ɗauke da shi a kafaɗa, yana fizgarsu yana nuna musu hanya. Itace ne kawai da mutum biyu masu iya tangaɗi, amma sai da tsikar jikina ta tashi, ni da ba na jin Bambaranci. Ƙasa ce irin tamu, rana irin tamu, tufafin saƙi irin namu, ba kwamfuta. Mutumin ya yarda da labarinsa ne, bai ji kunyarsa ba.

Babban ɗana kuma, wanda ba ya rabuwa da gardama, ya kawo nasa misalin: littafin Bature Tolkien na zoben mulki, wanda ya fito a 1954 da 1955, aka yi masa fim kashi uku a ƙasar Niyu Zilan, suka fito daga 2001 zuwa 2003. Na ce masa kar ya haɗa mu da masu kashe sama da dala miliyan 250. Ya ce ba kuɗin yake nufi ba. Su ma sun yanke babi-babi, sun zubar da mutane sukutum, masu karatu sun yi ta guna-guni. Amma abu ɗaya ba su taɓa ba: zoben yana ɓoye mai shi, kuma duk sa'ad da ya sa shi maƙiyi na ƙara gano inda yake, zoben na ƙara cin zuciyarsa. Da sun cire wannan, in ji shi, da duk dawakan da duwatsun sun tashi a banza. Na yi shiru, don yaron ya fi ni gaskiya.

Ku sani fa, yaran nan suna da abin kwatantawa. Tun da aka sake buɗe gidajen silima a ƙasar nan a Afrilun 2018, bayan fiye da shekara 30 a rufe, yawancin manyan finafinai suna zuwa Jidda. Tun Disambar 2021 ake bikin finafinai na Bahar Maliya a garin nan, yana kuma da asusun da ke tallafa wa finafinan Larabawa da na Afirka, ga mai son ya gwada sa'arsa. Ba za ku tsere wa waɗancan da walƙiyar kwamfuta ba, ko kun sayar da gidajenku. Abin da kuke da shi wanda ba su da shi, shi ne dai abin da kuka zubar.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙagaggen labarin boko na Hausa da tafiya da aljanu ya buɗe ido. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya neman ruwan magani a ƙarshen duniya, ɗaya jarumin da ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan gasar nan shi ma, Adamu Halilu ya mayar da shi fim tun 1976, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Masana'antarku kuma, in aka ƙirga daga Turmin Danya na 1990, ta haura shekara 30. Mai shekara 30 ba a ce masa yaro ne a yi masa uzuri.

Roƙona kaɗan ne. In za ku ɗauki littafi, ku karanta shi duka, ba wani ya ba ku labarinsa a mota ba. Ku nemo marubucin, ku biya shi haƙƙinsa, ku zaunar da shi kusa da darakta, ku tambaye shi wane zare ne in an ja komai zai warware. In ya rasu, ku tara mutum biyar da suka karanta littafin tun suna yara, mata da maza, ku ba su shayi ku saurara. Za su gaya muku abin da za a iya yankewa da abin da in kun taɓa ba za su yafe ba. In kuma labarin soyayya kuke son yi, ku yi abinku, Allah ya ba da kasuwa, amma ku sa masa wani suna, kar ku ari sunan littafin da mutane suka yi shekaru suna riƙe da shi. Sannan ku tuna da mu wajen fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto: kuna yi da Ingilishi, ku ƙara da Larabci, akwai masu kallonku birjik daga Njamena zuwa Madina.

Daren nan da fim ya ƙare babu wanda ya yi magana, siriya ta huce a faranti. Can sai 'yata ta biyu, wadda ta taɓa yin fushi da ragon yaro, ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko kashi na huɗu, ta miƙo mini ta ce in karanta wa Sitti wurin da uwar ke ƙirga zirin. Na karanta. Sitti ta sa aka maimaita mata.

Bayan sati biyu na aika Kano aka sayo mini saƙi, fari da baƙi, wani mai zuwa umara ya taho mini da shi. Na ɗinka rigar da hannu, yadda littafin ya siffanta ta, ziri bakwai, kowanne da ɗinkin da za a iya tsinkewa a gaban kyamara a kuma mayar. Babu zif. Tana nan rataye a shago, masu kawo ɗinki na ta tambaya ko ta sayarwa ce. Duk wanda a cikinku ya yi niyyar sake fim ɗin nan yadda ya kamata, kyauta na ba shi, in ba wa alhazan jiharsa su kai masa bayan hajji. In ta yi wa ɗan wasan yawa ko kaɗan, a aiko mini da awon kafaɗa da tsawo da hannu, kwana uku ya ishe ni.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani tela a Jidda.